Lauya Ya Yi Sakaci da Shari'ar Diyyar Ƙanina: Za Mu Iya Kai Ofishinsu Ƙara?

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Ƙanina yana aiki a wani kamfanin robobi a Sharaɗa, nan Kano, inji ya cinye masa yatsu uku na hannun dama. Shekararsa 29 a lokacin, yanzu shekara 2 da wata 4 ke nan da faruwar abin. Tun a watan farko muka kai maganar wani ofishin lauyoyi, muka biya kuɗin buɗe fayil da na shigar da ƙara. Duk sanda muka tambaya sai a ce ana kai. Kwanan baya na je kotun da kaina, aka ce tun bara aka cire ƙarar saboda babu mai zuwa daga ɓangarenmu. Na je NSITF, hukumar da ke biyan diyyar ma'aikatan da suka ji rauni a wurin aiki, suka ce ba a taɓa kawo musu takardar yaron ba. Yanzu kuma lauyan ya zo da wata takarda, wai kamfani zai ba da naira 400,000 mu sa hannu a rufe magana. Shin doka ta ba mu damar kai ofishin nan ƙara?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Allah Ya ƙara wa ƙaninka lafiya, Ya musanya masa da mafi alheri. Abin da ka faɗa ya taɓa ni, domin saurayi mai cin abinci da hannunsa, a ce yatsu uku na dama sun tafi, sannan wanda aka damƙa wa amana ya kwanta a kan fayil har shekara biyu, wannan ciwo biyu ne.

Eh, doka ta ba ku dama. Sashe na 9 na Dokar Lauyoyi ta Najeriya ya faɗa ƙarara cewa zama lauya ba ya kare mutum daga biyan asarar da sakacinsa ya jawo, kuma duk wata yarjejeniya da aka rubuta don a ɗauke masa wannan nauyi, banza ce a idon doka. Amma ina roƙonka kada ƙarar lauyan ta zama abin da za ku fara da shi. Haƙƙin ƙaninka na asali, a yadda ka ba da labarin, da sauran numfashinsa, kuma kwanakinsa ƙidayayyu ne. Shi za a fara ceto. Takardar naira 400,000 kuwa kada kowa ya sa mata hannu ko ya dangwala mata yatsa, zan zo kanta.

Dokar da ke aiki a kan rauni a wurin aiki ita ce Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1987. Hukumar NSITF ce ke riƙe da asusun da ake biyan diyyar daga cikinsa, kamfanoni ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansu, kuma haramun ne a cire wannan kuɗi daga albashin ma'aikaci. Dokar ba ta ware ɗan kwantiragi ko lebura mai aikin yini ba, har ɗan koyo da wanda aka ɗauka da baki ba takarda duk ta kira su ma'aikata. Na faɗi wannan ne saboda a Sharaɗa da Bompai da Challawa abin da aka fi kashe wa yara gwiwa da shi ke nan, a ce ai kai ba cikakken ma'aikaci ba ne.

Wa'adodinta su ne inda lauya mai sakaci ke kashe mutum. Ma'aikaci zai sanar da kamfani cikin kwana 14. Kamfani zai kai rahoto NSITF cikin kwana 7. Takardar neman diyya kuma a shigar da ita cikin shekara 1 daga ranar rauni. Wannan shekarar ta wuce ku. Sai dai sashe na 6 ya bar wata ƙofa: idan hukumar ta gamsu akwai dalili na musamman da ya hana shigarwa a kan lokaci, tana iya biya muddin takardar ta shigo cikin shekara 3. Ku kuna shekara 2 da wata 4, ke nan saura wata 8. Ikon karɓa ko ƙi yana hannun hukumar, don haka a je mata da hujja a rubuce: rasiɗin da ya nuna kun ɗauki lauya tun watan farko, saƙonnin da yake ce muku ana kai, da rahoton asibiti. Idan ta ƙi, akwai damar neman ta sake duba hukuncinta cikin kwana 180, daga nan sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda take da reshe a nan Kano.

Ƙarar da aka cire ita ma a duba ta da kyau. Ka koma wurin rajistaran kotun da lambar ƙarar, ka nemi kwafi mai hatimi na duk abin da aka rubuta a zaman kotu, musamman umarnin ranar ƙarshe. Cire ƙara daga jerin shari'u saboda rashin halarta daban, korarta bayan an saurare ta daban. Wadda aka cire ana iya roƙon a dawo da ita, kuma kotunanmu sun daɗe a kan cewa ba a ɗora wa mai ƙara laifin lauyansa a irin waɗannan kurakurai na tafiyar da shari'a. Kotun Ƙoli ma a shari'ar Sifax da Migfo a 2018 ta ce lokacin da ƙara ta yi tana gaban kotu kafin a cire ta ba a lissafa shi cikin wa'adi. Amma wannan rangwame ba ya tayar da wa'adin da ya riga ya mutu kafin a je kotu.

Akwai wani tarko a nan da nake so sabon lauyanku ya zauna a kansa tun ranar farko. Sashe na 12 na dokar 2010 bai yarda mutum ya ci biyu ba, ya karɓi diyyar asusu kuma ya bi ta kotu a kan rauni ɗaya. Zaɓi ne. Tunda an taɓa shigar da ƙara da sunan ƙaninka, wani zai iya tasowa ya ce ai ya riga ya zaɓa. To wa ya zaɓa? An zaunar da yaron an yi masa bayanin hanyoyin biyu, da ribar kowacce da haɗarinta, ya ce ga wadda yake so? In ba a yi ba, wannan kansa babban sakaci ne, a ganina ma ya fi rashin zuwa kotu muni, domin shawara ita ce ainihin abin da kuka biya kuɗi a kai.

Dalilin da ya sa nake matsa maka a kan ceton nan guda biyu ne. Na ɗaya, kuɗin ya fi kusa ta nan. Na biyu, ko kun kai lauyan ƙara, tambayar farko da za a yi muku ita ce me kuka yi don rage asarar bayan kun gano. In ƙofa tana buɗe wata 8 kuka bar ta ta rufe, lauyansa zai miƙe ya ce ba sakacin wanda yake karewa ya kashe haƙƙin ba, naku ne. Kuma alƙali zai saurare shi.

Yanzu ƙarar ofishin kanta. Abu huɗu ake nema, amma ba nauyinsu ɗaya ba. Cewa ofishin ya karɓi aikin, wannan rasiɗi ko wasiƙar da suka rubuta wa kamfani a kan takardarsu mai tambari ta wadatar, ko da babu rubutacciyar yarjejeniya. Cewa sun gaza yin abin da lauya mai matsakaicin ƙwarewa da kula zai yi, wannan ma a labarinka ba shi da wuyar nunawa. Ba a neman lauya ya zama gwani na gwanaye, ba a kuma kama shi don an yi shari'a an kayar da shi, ko don ya bi wata dabara mai ma'ana ba ta ci ba. Amma barin wa'adi ya wuce, da ƙin zuwa kotu har a cire ƙara, da ɓoye wa mai ƙara cewa an cire ta shekara guda, babu lauyan kirki da zai tsaya ya kare waɗannan. Ƙa'idojin Ɗa'ar Aikin Lauya, na 2007 da na 2023 da suka maye gurbinsu, duk sun wajabta wa lauya ya riƙa sanar da wanda yake wakilta halin da shari'arsa take ciki, sun kuma hana shi yin watsi da aikin da aka ba shi.

Inda ake faɗuwa shi ne sauran biyun: cewa sakacin ne ya jawo asara, da kuma nawa ce asarar. A nan za ka ga shari'a biyu ce a cikin ɗaya. Kana ƙarar lauya, amma sai ka sake baje shari'ar ƙaninka da kamfani a gaban alƙali, ka nuna da an yi aikin yadda ya kamata da akwai abin da za a samu. Kotu ba ta biyan mutum don an ɓata masa rai. Tana biyan abin da ya kuɓuce masa.

Bari in ba ka misalai biyu daga Ingila, domin hukuncin kotunansu ba ya ɗaure alƙalanmu amma suna duba shi sosai a irin wannan fanni. A 1958 an yi shari'ar Kitchen. Wata mata ce wutar lantarki ta kashe mijinta a gida, lauyoyinta suka bari wa'adin ƙarar kamfanin wuta ya wuce. Suka kare kansu da cewa ai ko an shigar ba lallai ta ci ba. Kotu ta ce ba sai ta tabbatar za ta ci ba, ya isa ta nuna ta rasa dama mai daraja, sai a kimanta darajar damar. Abin da za ta iya samu in ta ci gaba ɗaya fam 3,000 ne, aka ba ta fam 2,000. Wannan hukunci yana taimakon irinku, domin ya hana lauya ya lalata shari'a sannan ya fake da cewa dama ba ta da tabbas.

Na biyun ya fi kusa da batunka, kuma gargaɗi ne. Shari'ar Perry da Raleys ce, Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke ta a 2019. Perry tsohon mai haƙar kwal ne da ya kamu da ciwon yatsu da injina masu karkarwa ke jawowa. Gwamnati ta kafa tsarin biyan irinsu diyya, lauyoyinsa suka karɓo masa kashi na farko na diyyar, ba su ba shi shawarar neman kashi na biyu ba, wato kuɗin ayyukan gida da ciwon ya hana mutum yi da kansa. Ofishin ya amsa cewa ya yi sakaci. Duk da haka Perry bai samu komai ba, saboda alƙalin da ya saurari shaidu bai gamsu ciwon ya hana shi waɗannan ayyuka ba, ke nan ko an ba shi shawarar babu abin da zai nema bisa gaskiya. Ka ga lauya ya amsa laifi da bakinsa, mai ƙara ya fita hannu rabbana. Darasin da ke ciki gare ku shi ne rahoton likita da takardun albashi sun fi duk wani fushi da za ku shiga kotu da shi amfani. Kuma kada a ƙara gishiri a kan raunin, yatsu uku na hannun dama ba sa bukatar ƙari.

To nawa ne abin da ake magana a kai? Dokar 2010 ta ce wanda ya nakasa gaba ɗaya har abada ana biyansa kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata. Wanda nakasarsa ta wani ɓangare ce, kamar ƙaninka, hukumar za ta kimanta yawan abin da raunin ya rage masa na ƙarfin nema, ta biya kashi 90 na wannan, har ya kai shekara 55. Ga lissafi na misali kawai, don ba ka faɗi albashinsa ba kuma likitocin hukumar ne ke yanke kason. A ce yana ɗaukar naira 70,000 a wata, aka kimanta ya rasa kashi 40. Kashi 40 na 70,000 shi ne 28,000, kashi 90 na wannan kuma 25,200 a wata. Daga shekara 29 zuwa 55 wata 312 ne, jimilla naira 7,862,400, ban da kuɗin magani da na gyaran hannu da dokar ta tanada. Kotu ba za ta ɗauki wannan jimilla ta miƙa muku haka ba, za ta rage saboda biya ne na lokaci ɗaya, ta kuma rage gwargwadon shakkar da ke cikin samun. Amma ka ajiye wannan adadi kusa da 400,000 ka duba.

Ka kuma shirya wa abin da ofishin zai faɗa, don ba za su zo su yi shiru ba. Za su ce aikin da aka ba su rubuta wasiƙa ne da shigar da ƙara, ba a ce su je NSITF ba. Amsar wannan ita ce wanda ya zo da yanke a hannu bai san sunan hukumar ba, aikin lauya ne ya gaya masa. Za su ce kun daina zuwa, ko ba ku kawo takardun asibiti ba, ko ba ku cika kuɗi ba. A nan wayarka za ta yi maka shaida, don haka kada ka goge saƙo ko ɗaya na WhatsApp, har da na murya, ka tura kwafinsu wata wayar, ka kuma karɓo bayanan asusunka na banki da ke nuna ranar da ka tura kuɗi da sunan wanda ya karɓa. Za su ce yaron bai sanar da kamfani cikin kwana 14 ba. Wannan ba ta da ƙarfi in a cikin masana'antar abin ya faru a gaban shugaban sashe, domin dokar ta yi rangwame inda kamfani ya riga ya sani. Wadda ta fi nauyi ita ce su ce kamfanin bai yi rajista da NSITF ba, ko ba ya zuba kuɗi, don haka ko an kai takarda da wuya a biya. A aikace wannan ne abin da hukumar ke fara dubawa. Ka tambaye su tun yanzu a rubuce. In ya tabbata kamfanin ba ya biya, nauyin shari'ar sai ya koma kan ƙarar da aka bari aka cire, a nuna inji ba shi da murfin kariya, ko ba a koya wa yaron aiki da shi ba, ko an san yana da matsala aka bar shi. Abokan aikinsa da suka ga abin, a nemi lambobinsu yau, domin leburorin kamfani ba sa daɗewa wuri ɗaya.

Sai wata kariya da doka ta ba lauyoyi wadda dole ka san da ita. Wancan sashe na 9 da na ambata, ƙaramin sashensa na 3 ya ce ba a ƙarar lauya a kan yadda ya gudanar da shari'a a gaban kotu. Irin tambayar da ya yi wa shaida, ko hujjar da ya zaɓa ya kawo ya bar wata, ba a bin sa diyya a kansu. Gadon Ingila ne, daga irin hukuncin Rondel da Worsley na 1967. Su can sun yar da shi tun shekarar 2000 a shari'ar Hall da Simons, mu kuwa yana nan a rubuce a dokarmu, kuma ni ina cikin masu ganin lokaci ya yi da za a sake duba shi. Ofishin zai so ya ja rashin zuwansa kotu ya shigar ƙarƙashin wannan inuwa. Ra'ayina shi ne wanda bai zo ba bai gudanar da komai a gaban kotu ba, amma magana ce da za a yi jayayya a kanta. Shi ya sa mai tsara ƙararku ya kamata ya kafa ta a kan abubuwan da suka faru a ofis: rashin shawara, barin wa'adin shekara 1 ya wuce, da ɓoye gaskiya. Waɗannan babu inuwar da ta rufe su. Sashen ya kuma bar wa lauyan da ya yi aiki kyauta damar iyakance nauyinsa, amma ku kun biya, wannan bai shafe ku ba.

Wa za a rubuta a matsayin wanda ake ƙara? Yawancin ofisoshin lauyoyi a ƙasar nan ko na mutum ɗaya ne da ya yi rajistar sunan kasuwanci, ko na abokan tarayya. A binciko rajistarsu a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, a haɗa mai ofishin ko abokan tarayyar da lauyan da ya riƙe fayil ɗin. Kada a yarda da cewa wai ƙaramin lauya ne ko ɗan bautar ƙasa ya yi kuskuren kuma ya bar aiki. Ofishin kuka ba aiki, shi ke ɗauke da nauyin yaransa. Ku kuma duba wanda ya sa hannu a takardar ƙarar farko. Tun hukuncin Okafor da Nweke na 2007, wanda Kotun Ƙoli ta sake jaddadawa a shari'ar First Bank da Maiwada a 2012, takardar kotu da aka sa wa hannu da sunan ofis maimakon sunan lauyan da ke cikin rajistar Kotun Ƙoli matacciya ce. Shari'u da dama sun rushe a kan wannan bayan shekaru ana tafkawa. In haka aka yi a taku, dawo da tsohuwar ƙarar ba zai yi amfani ba, sai sabuwa, kuma kun sami ƙarin hujja a kan ofishin.

Ita ƙarar lauya a Babbar Kotun Jiha ake shigar da ita, domin tsakaninku da shi ba rigimar ma'aikaci da kamfani ba ce, saɓa yarjejeniya ce da sakaci. Tana da nata wa'adin, kuma kowace jiha da dokarta: a Legas shekara 6 ne, a wasu jihohi 5. Lissafin yakan fara daga ranar da asarar ta auku, ba lallai daga ranar da kuka farga ba. Mai ƙarar kuma ƙaninka ne da kansa, kai mai tsaya masa ne.

Mutane da yawa suna haɗa wannan da kai koke gaban Kwamitin Ladabtar da Lauyoyi, LPDC, da ke Abuja. Hanyoyi ne mabambanta, kuma ana iya bin duka biyun. Kwamitin yana iya jan kunnen lauya, ko dakatar da shi, ko soke sunansa daga rajista, yana kuma iya umartar ya mayar da kuɗin da ya karɓa da takardun da ya riƙe. Diyyar yatsu kuwa ba aikinsa ba ne, sai kotu. Ana shigar da koken a rubuce da takardar rantsuwa da hujjoji, kuma reshen Ƙungiyar Lauyoyi ta NBA na garinku zai iya nuna muku hanya. Maganar 'yan sanda a ajiye ta, sakaci ba laifin kamu ba ne. Sai fa in bincike ya nuna kamfani ya riga ya ba da wani kuɗi ta hannun ofishin an danne, wannan ya zama cin amana, hukuncinsa daban. Haka nan ina ba ka shawara ka riƙe sunan ofishin a bakinka, kada ka kai shi Facebook ko gidan rediyo. Kalma ɗaya ta wuce abin da za ka iya tabbatarwa, sai ka wayi gari kai ake ƙara da ɓata suna, a gaban mutanen da kotu ce gidansu.

Na san wani a dangi zai ce a bar wa Allah, ƙaddara ce. Raunin ƙaddara ne, mun yi imani. Amma ko a fiƙihunmu wakili amintacce ne da ba a bin sa asara, sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka, a nan kam yana lamuni. Neman wannan haƙƙi ba rashin tawakkali ba ne, kuma yaron nan yana da shekaru masu yawa a gaba da zai ci abinci da hannun da ya rage.

Gaskiyar da ba zan ɓoye maka ba, samun lauyan da zai yi ƙarar ɗan'uwansa lauya a gari ɗaya yana da wuya. Suna haɗuwa a kotu kullum, wani ajinsu ɗaya a makarantar lauyoyi. Amma akwai masu yi, kuma ba laifi ka ɗauko daga Kaduna ko Abuja. Ka nemi wanda ya saba da Kotun Ma'aikata, ka tambaye shi kai tsaye ko yana da wata alaƙa da ofishin ko da kamfanin, ku rubuta yarjejeniyar kuɗi, ko da ta kaso ce daga abin da aka samu, don ƙa'ida ta yarda da hakan a shari'ar da ba ta laifi ba. In babu hali, Hukumar Ba da Agajin Lauya ta tarayya, a ƙarƙashin dokarta ta 2011, tana karɓar shari'un haɗari da na diyyar ma'aikata ga marasa ƙarfi. Sau da yawa ma ba a kai ga sauraron shari'a. Wasiƙa mai ƙarfi da ta jero ranaku da rasiɗai da kwafin umarnin kotu takan sa ofis ya nemi zama, kuma Babbar Kotun Kano tana da sashen sulhu da za a iya yin zaman a rubuta abin da aka cimma ya zama hukunci.

Fayil ɗinku ku nema a rubuce, a sa muku hannu a kwafin wasiƙar da kwanan wata. Lauya yana da ikon riƙe takardu in yana bin kuɗin aiki, don haka in ya fake da wannan kada ku tsaya ja-in-ja, yawancin abin da ake bukata yana wurin rajistaran kotu da asibitin da aka yi wa yaron aiki. In Asibitin Ƙashi na Dala ne ko wani, a koma a nemi cikakken rahoto mai nuna yatsun da aka rasa, daga wace gaɓa, da abin da hannun zai iya yi yanzu.

Takardar naira 400,000 kuma, ka karɓi kwafinta ka ce za ku yi shawara, ka kai wa sabon lauya. Sashe na 13 na dokar 2010 ya hana ma'aikaci ya yi yarjejeniya da kamfani a kan yafe diyyar da dokar ta ba shi, ya ce irin wannan yarjejeniya ba ta da ƙarfi. Amma sa hannun zai iya rufe ƙofar ƙarar kamfani a kotu, zai kuma ba ofishin abin cewa ai kun karɓa kun gamsu. A karanta ta layi-layi a ga ko an cusa wata jimla da ke wanke ofishin lauyoyin kansa, domin ƙa'idojin aikinmu sun hana lauya neman wanke kansa daga sakacinsa ta wannan hanya, kuma in an sami jimlar, ita ma ta shiga cikin koken. A kuma tambayi lauyan a rubuce tun yaushe aka fara maganar sulhun, da wa aka yi ta, wa ya ba shi izini, kuma ko ofishinsa ya taɓa yi wa kamfanin wani aiki. Ya amsa ko ya yi shiru, ku ajiye kwafin wasiƙar. Gobe da safe kuma ka ɗauki ƙaninka da katin aikinsa da takardun asibiti ku fara zuwa wurin sabon lauyan, a yanke tsakanin NSITF da kotu kafin mako ya fita.